Ku ƙyale bawan Allahn nan ya hau kekensa



Mako biyu ke nan ana yi da wani yayanmu a zauren WhatsApp na ƙungiya, kuma abin ya wuce wasa. Ba zan kama suna ba. Wanda ke zaune a Tafa ya san shi, wanda bai san shi ba kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba. Mutum ne da ya haura hamsin. Likita ya duba hoton ƙashinsa ya ce yana da amosanin gaɓa a kwatangwalo biyu, abin da muke kira sanyin ƙashi. Ya ce ya ji. Ya je ya gyara keke, ya fara koyon iyo, ya ce yana shirin shiga gasar da ake kira tirayatulon. Tun daga ranar aka sa shi a gaba. Wannan ya ce girma ya faɗi, wancan ya ce neman suna ne, wani ya ce aikin Turawa ne, wani ya turo karin magana wai da muguwar rawa gara ƙin tashi. Har an sami wanda ya ba da shawarar dattawa su je su sami iyalinsa a hana shi, tun kafin ya gurgunta kansa.

Ni ina tare da shi, kuma dalilina ba son kai ba ne. Littafin asusun taimako na ƙungiyar nan a hannuna yake. Ni nake karɓar takardun masu neman agaji, ni nake karanta su a gaban shugaba. Na ga takardar wankin ƙoda, na ga ta shanyewar ɓarin jiki, na ga ta gyambon ciki da ya fashe, na ga ta ciwon suga da ya ci ƙafa. Har yau ban karɓi takarda ɗaya ba da aka ce ga wanda motsa jiki ya kwantar.

Ga wanda bai san gasar ba, wasanni uku ne a jere ba hutu: iyo, tseren keke, sai gudu. Tana da girma-girma. Ƙaramar ita ce iyon mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Wadda ake yi a gasar Olamfik, tun da aka shigar da ita a Sidni a shekarar 2000, iyon kilomita 1.5 ne, keke 40, gudu 10. Babbar, mai suna Ironman, wadda aka fara a tsibirin Oahu na Hawai a 1978 da mutum 15, ita ce mai sa a riƙe baki: iyo kilomita 3.8, keke 180, gudu 42.2, kuma a gama duka cikin awa 17. Kilomita 180 ɗin nan kusan tsawon layin dogo ne daga Idu zuwa Rigasa. Ka sauka daga keken kuma ka kama gudun da ya kusa tazarar Suleja da tsakiyar Abuja. Akwai rabinta da ake kira 70.3, wato iyo 1.9, keke 90, gudu 21.1, kuma an yi irinta a Rubavu ta ƙasar Ruwanda, a bakin tafkin Kivu, a 2022. Wannan rabin ce burin yayanmu, nan da shekara biyu in rai ya kai.

Abin da girma, ban musa ba. Amma masu cewa shekaru sun hana su sani wata 'yar Amurka, Madonna Buder, ta kammala cikakkiyar Ironman a Kanada a 2012 tana da shekara 82, wani ɗan Japan kuma, Hiromu Inada, ya kammala ta Hawai a 2018 yana da 85. Ɗan hamsin a gabansu yaro ne. Saboda haka a ajiye maganar shekaru, a zo ga ta kwatangwalo, domin nan ne masu dariya suke ganin sun kama gaskiya.

Hoton da ke kan yawancinmu shi ne gaɓa kamar tayar mota take: tana da iyakar tafiyar da za ta yi, kowane taku yana cinye ta, mai hankali kuma shi ne wanda ya ajiye motar ya tsimi abin da ya rage. Wannan hoton ne ya kwantar da iyayenmu da yawa a kan tabarma. Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, yana zaune cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu, tsakaninsu akwai guringuntsi mai santsi. Idan guringuntsin ya fara sirancewa, gefen ƙashi ya soma tsiro, gaɓar sai ta yi tauri ta riƙa zafi. Zafin a matsematsi aka fi jin sa, ya gangara gaban cinya, wani lokaci har gwiwa, shi ya sa za ka ga mutum ya shekara yana shafa wa gwiwa man zafi alhali ba ita ke da laifi ba. Yanke farcen ƙafa ya zama aiki. Ɗaga ƙafa a hau achaba ya zama aiki, haka tsugunno, haka zaman tahiya. Duk wanda ya karanta wannan ya ji kamar da shi nake, to da shi nake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum kusan miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo a gaɓoɓi daban-daban, kuma shida cikin goma mata ne.

To amma guringuntsi ba roba ba ne. Abu ne mai rai, kuma ba shi da jijiyar jini ko ɗaya. Abincinsa daga ruwan da ke cikin gaɓa yake samu, kuma ruwan ba ya shiga sai an matsa an saki, an matsa an saki, kamar soson wanke-wanke. Gaɓar da ba ta motsi guringuntsinta yunwa yake ji. Sannan tsokar ɗuwawu da ta cinya su ne shokazobar ƙugu, su ke karɓe jijjiga kafin ta kai ga ƙashi. Mutum ya zauna wata shida yana “hutawa”, tsokar ta saki, tumbi ya ƙaru, ranar da ya miƙe nauyin da ya fi na da ya sauka a kan gaɓar da ta fi ta da rauni. Zafi ya ƙaru, ya koma ya zauna. A haka ake tafiya har a kai ga sanda, daga sanda a kai ga keken guragu, mutane kuma su ce tsufa ne.

Wannan ba ra'ayin sakatare ba ne. Hukumar da ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, NICE, ta sabunta jagorarta a kan wannan ciwo a 2022, kuma abin da ta sa a gaba ga kowane majinyaci shi ne motsa jiki, da rage nauyi ga mai ƙiba. Maganin kashe zafi ta ce a ba da mafi ƙanƙantar adadi, na mafi gajeren lokaci. Ta ma ce a gaya wa majinyaci tun farko cewa zafin zai iya ɗan ƙaruwa idan ya fara, amma in ya dage zai ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Kowa ya lissafa nasa. Da yawanmu a nan muna fita bayan asuba mu zauna a mota zuwa Abuja, mu zauna a ofis ko a shago, mu zauna a cunkoson Zuba da Madalla, mu dawo mu zauna a benci a majalisa har goma na dare. Daga kan wannan bencin ne ake ɗaukar hoton mai keke ana turawa zaure.

Kuma biyu daga cikin wasanni ukun nan, kamar don mai ciwon ƙugu aka yi su. An auna nauyin da ke sauka a kan gaɓar kwatangwalo: a tafiyar ƙafa ta yau da kullum yana kai ninki biyu da rabi na nauyin jiki, a gudu yana kai wajen ninki biyar. A kan keke sirdi ne ke ɗauke da mutum, gaɓar tana juyawa ba tare da ana dukanta ba. A cikin ruwa kuwa, wanda ya shiga zuwa ƙirji kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa kawai ƙafafunsa ke ɗauka. Da za ka je wurin likitan gashin ƙashi a asibitin koyarwa na Gwagwalada da wannan ciwo, cikin abubuwan da zai lissafa maka akwai keke da ruwa. Abin da ake biyan kuɗi a ji daga bakin likita, shi yayanmu yake yi ana masa dariya.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, domin dariyar ita kaɗai ba za ta sa in ɓata dare ba. Me masu dariyar suke yi da nasu ciwon? Kada wani ya ce ba shi da shi, muna ganin yadda ake tashi daga tabarma a wurin ɗaurin aure, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a gwiwa. Abin da ake yi shi ne a aika yaro kemis ya karɓo haɗi. A ƙulle ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, fari da ja da ruwan ɗorawa, ba suna ba adadi, a kora da shayi. Wanda ya haɗa bai tambayi shekarunka ba, bai auna jininka ba, bai san kana da olsa ba. A cikin ƙullin nan abin da aka saba zubawa shi ne diclofenac da ibuprofen da piroxicam, dukkansu dangi ɗaya ne, waɗanda ko likita ba ya haɗa biyu a lokaci guda. Suna kashe zafi, gaskiya ne. Suna kuma cin bangon ciki, suna ɗaga hawan jini, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Mutum ya sha na kwana biyar bisa umarnin likita, wannan magani ne. Ya sha kullum safe da dare shekara uku, wannan hanyar ɗakin wankin ƙoda ce, kuma wanki ɗaya ba ya isa, sau biyu ko uku ake yi a mako, har iya rai ko har a sami dashe. Babu asusun ƙungiyar unguwa da zai iya ɗaukar wannan. Namu dai ba zai iya ba, na san abin da ke ciki.

Wani ƙullin kuma da dexamethasone ko prednisolone a ciki. Shi ne wanda za ka sha ka ji garau, ka ji abinci na shiga, kumatu su ciko, a ce ai maganin ya karɓe ka. Shan sa na dogon lokaci yana tayar da suga, yana sirantar da ƙashi, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe kan ƙashin cinya ta hanyar yanke masa jini. Wato maganin da aka sha don ƙugu shi ne zai rusa ƙugun. Ba na ma son in shiga maganar tramadol. Muna zagin matasa a kanta, muna yaba wa hukumar NDLEA idan ta kama mai 225, amma akwai masu furfura da ke haɗiyarta kafin su fita kasuwa, suna kiranta maganin gajiya.

Duk wannan ban taɓa ganin an turo hoton wani a zaure ana masa dariya don ya sha haɗi ba. Ban ji an ce dattawa su je su sami iyalinsa ba. Shan ƙwaya a ɗaki bai taɓa girma ba, hawa keke a fili ne ya taɓa shi. To wane irin girma ne wannan? Mun ɗauki tumbi da tafiyar ƙasaita da “kawo mini ruwa” mun sa musu suna dattako. Mutum ya sami ɗan rufin asiri, abu na farko da zai yi shi ne ya daina taka ƙasa: masallacin da ke bayan gida ma a mota. Malaman makarantarmu na firamare da keke suke zuwa aiki, Raleigh ko Phoenix, suna da furfura, muna durƙusawa mu gaishe su, ba wanda ya ce girmansu ya faɗi. Yau keke ya zama alamar talauci, mai hali kuma in ya hau sai a ce ko dai kansa ya taɓu.

Ga wani abin da ke ba ni mamaki. A 2015 Suleiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja, ƙasa da mako uku, don murnar nasarar Buhari. Gari-gari ana tarbarsa, ana ɗaukar hoto da shi, gidajen rediyo suna bin sawunsa. Daga nan tattaki ya zama yayi, kowa ya saɓa jaka ya nufi gidan gwamnati. Ba wanda ya tambaye su lafiyar gwiwarsu. Wani mutumin Dukku a jihar Gombe da ya tako zuwa Abuja a wannan shekarar, jaridu sun ruwaito a 2020 yana fama da ciwon ƙafafu yana neman taimako, har gwamnatin jiharsa ta tallafa masa. Ka ga wanda ya tashi rana ɗaya, ba shiri, ya ɗora wa jikinsa ɗaruruwan kilomita don ɗan siyasa, shi jarumi ne. Wanda ya ɗauki shekara biyu yana hawa mataki-mataki, da sanin likitansa, don lafiyar kansa, shi ne mai neman suna.

Masu cewa aikin Turawa ne kuwa, ban san me zan ce musu ba. Sunan gasar na Turawa ne, na yarda. Iyo fa? A je Argungu a ga Kabawa a kogin Matan Fada, bikin da ake yi tun 1934, da gasar ninkaya da tseren kwalekwale. Tafiyar nisa fa? Kakannin Zazzagawan Suleja daga Zariya suka taso, ba a mota ba, kafin Abu Ja ya kafa garin a 1828. Fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro a ƙafa, wata da watanni. Zaman kujera awa goma sha biyu ne baƙo a cikinmu.

Sai dai akwai inda masu suka suka taɓa gaskiya, ko da ba da niyya ba, kuma a nan da kai nake, Yaya. Gudun shi ne matsala. Akwai wani babban nazari da aka buga a 2017 wanda ya nuna masu gudu don nishaɗi sun fi masu zama ƙarancin amosanin gwiwa da ƙugu, kashi 3.5 cikin ɗari a kan 10.2, amma masu gudun gasa na shekara da shekaru sun kai 13.3. Wannan ya wanke gudu daga zargin cewa shi ke kawo ciwon, amma bai ce wanda guringuntsinsa ya riga ya sirance ya je ya yi kilomita 21 a kan kwalta ba. Ninki biyar ɗin nan da na ambata yana nan, a kowane taku. Masu ba ka misali da Andy Murray, wanda aka sa wa ƙarfe a ƙugu a Janairun 2019 ya dawo ya ci kofin tanis a Antwerp a Oktoban shekarar, su tuna shekararsa 32 a lokacin, kuma yana da likitoci da masu horo da ke cin albashi a kan ƙugunsa kaɗai. Kai ƙugunka kai ne mai gadinsa.

Saboda haka ka rage buri a gudu, ka ƙara a keke da ruwa. Dokar gasar ba ta hana tafiya ba, mutane da yawa suna gama kashin ƙarshe ne da sassarfa da tafiya a cakuɗe. Akwai ma rukunin da iyo da keke kawai ake yi, akwai kuma na haɗin gwiwa inda mutum uku ke raba wasannin, ka ba wani matashi gudun. Ka fara da ƙaramar gasa kafin ka hango Ruwanda. A ruwa ka bar iyon kwaɗo, buɗe ƙafar da ake yi a cikinsa yana murɗa ƙugu. A keke ka ɗaga sirdi yadda gwiwa ba za ta riƙa dunƙulewa zuwa ciki ba. Kwana biyu a mako ka ba tsokar ɗuwawu da cinya haƙƙinsu, ko da tashi da zama a kan kujera ne. Ma'aunin da masu gashin ƙashi ke bayarwa mai sauƙi ne: zafin da ya lafa kafin washegari ba komai, wanda ya kwana ya wuni ko ya sa ka ɗingishi yana gaya maka ka yi yawa, ka koma baya. Kuma kada ka taɓa shan maganin zafi don ka iya gama atisaye. Wanda ya haɗa diclofenac da gumin watan Maris ya haɗa wa ƙodarsa faɗa biyu. Maganar aljihu ma tana nan: kuɗin rajistar irin wannan gasa ɗaruruwan daloli ne, ban da jirgi da masauki, kuma iyali suna da haƙƙi a kan kuɗin da kuma awannin da za ka riƙa kashewa. Wannan tsakaninka da su ne, ba da zaure ba.

Ga sauran jama'a kuma, kada wani ya karanta wannan ya tashi gobe ya kama gudu. Ba kowane ciwon ƙugu ne amosanin tsufa ba. A ƙasar nan, inda ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, matashi ko magidancin da ƙugunsa ke ciwo zai iya kasancewa kan ƙashin cinyarsa ne ke mutuwa, kuma wannan dokarsa daban ce, tsalle da gudu na iya rufta shi. Ciwon da ke tashe ka cikin dare, ko ya zo da zazzaɓi da rama, ko ya hana ka taka ƙafa farat ɗaya, asibiti yake so, domin tarin fuka ma yana kama gaɓa. Wanda ya wuce arba'in ya fara zuwa babban asibitin Sabon Wuse ko na Suleja a auna jininsa da sugansa, a saurari zuciyarsa. Abin da ke kashe magidanci a filin motsa jiki zuciya ce, ba ƙugu ba. Idan kuma gaɓa ta riga ta ƙare, ana sauya ta, asibitin ƙashi na Dala a Kano da wasu asibitocin Abuja suna yi. Amma aikin na miliyoyin naira ne, kuma ƙarfen ma yana da wa'adi: binciken da aka buga a 2019 ya nuna kusan shida cikin goma ne ke kai shekara 25. Ɗan hamsin da ya iya jinkirta aikin nan da shekara goma ya ci riba babba.

Da masu dariya sun damu da mutumin nan da gaske, ai ga abin damuwa a gabansu. A ina zai hau keken? Babban titin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka fara aikinsa a 2018, shi ne ya ratsa mu, da tireloli da tankokin mai jere a gefe, mai keke ba shi da wurin raɓawa. Hanyoyin cikin ƙauyuka sun fi sauƙin mota, amma kowa ya san halin tsaro, ba wurin da mutum ɗaya zai bi da duku-duku ba ne. A ina zai yi iyo? Rafi da kududdufi suna da tsargiya, ƙwayar cutar tana fitowa daga katantanwa ta huda fata, sai dai mutum ya ga fitsarin jini. Gurara da damina ba wurin wasa ba ne ko ga gwani. Abin da ya rage sai wurin iyo na otal a Suleja ko Abuja, a biya kuɗin shiga a biya na mota. Wannan shi ne abin da ya kamata ƙungiya ta yi magana a kai. Mutum ɗaya a gefen titi abin tausayi ne, amma mutum goma da hular kwano da riga mai ƙyalli direba yana ganinsu tun daga nesa.

Kuma duk wahalar nan ta namiji ce, wanda aƙalla zai iya fita. Iyayenmu mata da matanmu, waɗanda ciwon ya fi kamawa, su fa? Sun yi shekaru suna ɗaukar ruwa da itace da goyo, yanzu ƙugu da gwiwa sun ƙi, an ce su zauna a ɗaki, ana aika musu haɗi da man zafi. Idan namiji mai furfura ya sha wannan dariya don ya hau keke, wace mace ce za ta yi ƙarfin halin zagaya fili da safe?

Don haka na rubuta ƙuduri, kuma shugaba ya amince a saka shi cikin ajandar zama mai zuwa. Ina neman ƙungiya ta nemi izinin shugaban makarantar firamare a ba mu fili duk Asabar bayan asuba, a yi tafiyar minti arba'in, kowa da saurinsa, mata kuma su zaɓi ranarsu da lokacinsu da wadda za ta jagorance su. Ina neman a cire kuɗi daga asusun taimako a sayi na'urar auna hawan jini da ta suga, a ajiye wurin ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar da muke da su a cikinmu, kuɗinsu duka bai kai na wankin ƙoda na mako ɗaya ba. A gayyato likitan gashin ƙashi sau ɗaya ya nuna mana atisayen da ya dace da masu ciwon ƙugu da gwiwa, a biya shi kuɗin mota. Idan an sami mutum goma masu son koyon iyo, ni zan je in yi ciniki da otal a kan farashin rukuni.

Zaman ranar Lahadin ƙarshen wata ne, bayan la'asar, a inda aka saba. Wanda ke da suka a kan ƙudurin ya zo ya faɗa a gaban dattawa, zan rubuta hujjarsa a littafin zama kamar yadda nake rubuta ta kowa. Masu son shiga rukunin keke kuma su ba ni sunayensu kafin ranar Juma'a, don in san yawan rigunan da za a yi oda.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya